Ba a Awon Rake da Tiya

A unguwarmu ta Dawce, in ka ce Mushe ka yi shiru, ba wanda zai tambaye ka wane Mushe, ko da yake haka ake kiran kowane malamin boko. Ni kuwa Kawu nake ce masa, don wan mahaifiyata ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a makarantun ƙauyukan ƙasar Kance, bana a tura shi nan, baɗi a ɗauke shi a kai can, har ranar da ya ajiye alli ya dawo gida da keke da rediyo da adaka biyu na ƙarfe. Keken ya daɗe da mutuwa. Adakokin suna nan a zaure, ya ɗora su kan bulo saboda gara, duk bayan damina kuma yakan fito da abin da ke ciki ya shanya a tabarma, ya zuba sabon busasshen ganyen dogon yaro a ƙasa kafin ya mayar.

Wanda bai san mai su ba, in ya ɗaga murfi sai ya ce hatsin bara ne. Ga Magana Jari Ce da bangonsa ya tafi tuntuni, an ɗinke gindinsa da zaren buhu. Ga Sarraounia na Abdoulaye Mamani. Ga tarihin Damagaram na André Salifou. Sai siraran littattafan Kano ɗauri-ɗauri, kowane labari an haɗe na ɗaya da na biyu da na ukunsa da roba. Ɗaya adakar ta littattafan zane ce, waɗanda mu ƴan lakwal, wato makarantar boko, muke kira bede: Tintin, Lucky Luke, Asterix, ƴan ƙananan Akim da Zembla da takardarsu ta koma launin ƙasa, da tsofaffin mujallun Kouakou da ya tsira da su tun yana saurayi. Littattafan addini ba sa shiga nan. Suna can sama cikin gafaka, inda ya dace da su.

Hanya biyu ta kawo wannan tari, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san su. Ɗaya ta taso daga Kano, ta bi ta Daura da Kwangwalam, ta tsallako Ɗan Barto ta iso Matamaye. Ita ta kawo Hausar boko a cikin kayan ƴan kasuwa, tsakanin atamfa da kwanukan sha. Ɗayar ta gangaro daga Damagaram, ita ce ta Faransanci, ta hannun malaman makaranta da ƴan lise masu dawowa hutu. Ko sunan garinmu hanyoyin nan sun raba shi biyu: a takardar haihuwa Daouché, a bakinmu Dawce. Yaron da ya koyi karatu a lakwal, ranar da ya fara riƙe littafin Kano sai ya yi ta tuntuɓe da c da u da ƙ, kwana biyu ko uku, sannan idonsa ya washe ya ga ashe maganar tsakar gidansu ce aka zuba a takarda. Da yawanmu a zauren Kawu muka sha wannan mamaki.

Tara littafi kuɗi ne da haƙuri, kowa na iya yi. Abin da Kawu ya iya, wanda har yau ban cika ganin irinsa ba ko a wurin masu digiri, shi ne ya karanta littafi ya gaya maka abin da ya gani a ciki tare da dalilinsa, cikin magana kaɗan, ta yadda kai ma za ka je ka duba ka dawo ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba. A jami'a suna ce wa wannan sharhi ko tarke. Shi bai taɓa raɗa masa suna ba. In an matsa masa sai ya ce awo yake yi.

Ranar da na fara gane inda ya dosa, ina kolej a Matamaye, na dawo hutu na gama Sarraounia zuciyata cike da ita. Labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899 ya hana ni barci kwana biyu. Na shigo zaure na tarar da Kawu yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, Lucky Luke a hannunsa. Abin ya ba ni haushi da gaske. Na ce, "Kawu, kai da ka karanta Mamani, me za ka samu a zanen yara?"

Ya rufe littafin da yatsansa a ciki. Ya ce, "Ɗana, in za ka sayi gero da me ake auna maka?"

Na ce, "Da tiya."

"Rake fa?"

"Sanda-sanda. A duba kauri da tsawon gaɓa."

Ya ce, "To, ba a awon rake da tiya."

Daga nan ya buɗe mini abin da na ɗauki shekaru ina juyawa. Kowane littafi da alkawarin da yake ɗauka tun shafukan farko. Wani ya ce zai sa ka dariya, wani ya ce zai kai ka ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, wani kuma zai nuna maka abin da ke faruwa a gidan maƙwabcinka bayan an rufe ƙofa. Aikin mai awo na farko ya gano alkawarin, sannan ya tambaya ko an cika. Lucky Luke ya ce zai ba ka dariya a kowane shafi ba tare da ya raina hankalinka ba, kuma ya cika. Sarraounia ya ce zai mayar wa ɗan Nijar da girman da littattafan ƴan mulkin mallaka suka ƙwace masa, shi ma ya cika, har Med Hondo ya mai da shi fim a 1986 ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Fespaco a Wagadugu a shekara mai bi mata. Amma ya ja mini kunne a wuri ɗaya: Mamani ƙagaggen labari ya rubuta, ya ɗauki abin da baka ta riƙe ya hura masa wuta. Wanda ke son sanin ranar da ragowar rundunar nan ta iso Damagaram da yadda aka yi da Sarki Amadu Kuran Daga, ya nufi masu tarihi irin su Salifou. In ka nemi kwanan wata a wurin Mamani ka zalunce shi, in ka nemi bugun zuciya a wurin Salifou shi ma ka zalunce shi.

Misalin da ya fi so ya kawo shi ne na gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifi littattafan hikaya na farko a Hausar boko. Gasa ɗaya, malamai ƴan zamani ɗaya, amma dubi nisan da ke tsakanin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na farko ba ya zama wuri ɗaya: Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta ɗana wa juna tarko daga gari zuwa gari, kowace dabara ta fi ta baya. Kawu ya ce ma'aunin irin wannan littafi shi ne ko ramuwar ta fi ƙetar da ta jawo ta wayo, in ta gaza to marubucin ya gaji, ya kamata ya tsaya. Na biyu kuwa muryar dattijo ce mai sanyi, yana ba almajiransa labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka haye Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu. A nan ba wayo ake nema ba. Ana duba ko marubucin ya iya riƙe hawayensa ya bar mai karatu ya zubar da nasa. Ya ce Ɓalewa ya iya, don a wuraren da wani zai cika shafi da kuka shi jimla biyu yake yi ya wuce. Mutane kan tambaye shi wanne ya fi. Ba ya gudun tambayar. Yakan ce shi Shaihu Umar ya fi zama masa a rai, amma in yaro ne bai taɓa gama littafi ba, Ruwan Bagaja zai ba shi, don shi ne ba ya barin mutum ya ajiye.

Wannan rabewa, tsakanin abin da ya fi so da abin da ya fi kyau a aikinsa, ita ce ta fi wuya, kuma a nan na fi ganin gwanintarsa. Yana iya ce maka littafi ya yi kyau amma shi bai ji daɗinsa ba. Yana iya ce maka wani kuma cike yake da kurakurai, amma ya karanta shi sau huɗu. Gandoki na Bello Kagara yana cikin waɗannan: ya ce rabin farko, inda ake fafatawa da Turawa, ƙafarsa a ƙasa take, rabin baya kuma ya tashi sama cikin aljannu har zaren ya kusa tsinkewa, duk da haka cika-bakin jarumin yana masa daɗin kunne irin na kirarin ƴan tauri.

Kunne kuwa shi ne babban kayan aikinsa a kan littattafan Kano. Yakan ce ido na iya haɗiye ƙarya, kunne ba ya iyawa. In sabon ɗauri ya zo, ba ya farawa daga farko. Sai ya buɗe tsakiya ya nemi wurin da mutum biyu ke sa-in-sa, kishiya da kishiya ko uwa da ɗiya, ya ɗaga murya ya karanta wa Inna, matarsa, tana can tana tsintar wake. In ta ci gaba da tsinta ba ta ɗago ba, ya san da saura. In ta ce, "Kai, Malam, mace ba ta faɗin haka," to littafin ya faɗi jarrabawar farko. In kuwa ta ajiye faifai ta ce, "Sai ta ce mata me?" ya san ya samu. Da haka Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu ya samu matsayin da yake da shi a adakar. Labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da ƴaƴa tara bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Kawu ya ce abin da ya ɗaga littafin shi ne marubuciyar ta san kuɗin cefane. Ta san abin da ke isa da abin da ba ya isa, ta san yadda mace ke lissafi a ranta tana murmushi a fuska. Lokacin da labari ya zo cewa an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012, bai yi mamaki ba ko kaɗan.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya zagaye ƙasar Hausa, da wani ma'auni ya auna shi. Ya yarda kalaman Sumayya da Muhammad sun fi ƙarfin yadda samari da ƴan mata ke magana a dandali. Amma ya ce littafin bai yi alkawarin kwaikwayon dandali ba. Ya yi alkawarin tsayawa bayan yarinyar da ake so a sayar wa mai kuɗi, ya ba ta bakin da ba ta da shi a gaban iyayenta, kuma dubban da suka karanta shi a ɓoye shaida ne cewa ya taɓa inda ke ciwo.

Inda ba ya sassauci shi ne jan labari. Ya san dalilin da ya sa littattafan Kano ke fitowa kashi-kashi: marubuci da kuɗin aljihunsa yake bugawa, sai na ɗaya ya sayu a kasuwar Sabon Gari ko Kurmi sannan a samu na buga na biyu. Bai ga laifin wannan ba. Abin da yake dubawa shi ne wurin da aka yanke. Akwai marubucin da ke tsayawa inda labarin da kansa ya ja numfashi. Akwai kuma wanda labarinsa ya ƙare tun a na biyu, sai ya jawo haɗarin mota ko ɓatan hankali ko wata ƴar'uwa da ba a taɓa ambata ba don a samu na uku. Wannan yakan kira shi algus, kamar mai zuba ruwa a nono.

Ya bi muhawarar da aka yi a jaridun Najeriya a shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano yana kokawa da ingancinsu, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu. Ra'ayinsa shi ne kowannensu yana da littattafan da za su gaskata shi, kuma zai iya ciro su daga adaka ɗaya. Abin da ba ya so shi ne kuɗin goro. Da aka ce a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona tarin littattafan hikaya a Kano, ya yi kwanaki abin na cinsa. Shi ma akwai waɗanda ba ya ba yara, akwai ma waɗanda ya ƙi ajiyewa sam. Amma kowanne sai da ya karanta shi har ƙarshe, kuma zai iya nuna maka shafin da ya sa ya yanke hukunci. Wuta ba ta karatu, in ji shi.

Adaka ta biyu ita ce inda mutane suka fi raina shi, nan ne kuma na fi ƙaruwa da shi. Mu da muka tashi da bede muna ɗauka kallonsa kawai ake yi. Kawu ya nuna mana karanta shi ake yi, kuma da ƙa'idarsa. Kowane ɗan akwatin zane gurbi yake ce masa, kamar na dara. Tsakanin gurbi da gurbi akwai siririn farin fili. A gurbin farko mutum ya ɗaga kulki, a na biyu wani yana zaune a ƙasa dafe da kai. Ba a zana dukan ba. Kai mai karatu ka yi dukan da kanka a cikin farin filin nan, ba tare da ka sani ba. Gwanin mai zane shi ne wanda ya san daidai faɗin ramin da za ka iya tsallakewa. In ya matso da gurabun kusa da juna sosai, ka gaji da ganin abin da ka riga ka gane. In ya nisanta su, ka faɗa ciki ka ɓata.

Yana da hanyar gwada wannan. Sai ya sa ka rufe duk maganganun da ke cikin ƴan da'irorin nan da yatsunka, ka bi shafin da ido kawai, sannan ka faɗa masa abin da ya faru. In ka iya, mai zanen ya yi aikinsa. Tintin yana cin wannan gwaji kusan kowane shafi, don layin Hergé, mai zana shi, a tsabtace yake, ba inuwar da ba ta da aiki, kuma jiki ma magana yake: gudun mutum daban, sanɗarsa daban. Akim da Zembla sukan faɗi, don sau da yawa rubutu ne ke ɗauke da labarin, zanen yana biye kamar ɗan rakiya. Duk da haka bai zubar da su ba, ya ce su suka koya wa rabin ƴan ajinsa Faransanci fiye da littafin nahawu.

Ya kuma nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba, wato gurbin ƙarshe na ƙasan shafi. Tintin a jaridar yara ta mako-mako ya fara fitowa a Beljiyam a 1929, shafi biyu kowane mako, don haka dole mai zane ya bar yaro da ƙishirwa har mako mai zuwa: ƙofa ta fara buɗewa, ko hannu ya fito daga bayan labule. Dabarar ta zauna masa har bayan da labaran suka koma littattafai. Kawu ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da akun Magana Jari Ce ke yi ke nan, yana riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Kakanninmu ma da shi suke riƙe mu a gindin murhu.

Sai kuma siffa. Ya ce a bede na kirki kana gane mutum ko daga inuwarsa. Ƴan Dalton huɗu na Lucky Luke fuskarsu ɗaya, tufarsu ɗaya, tsawo kawai ya raba su, kamar matakalar bene, amma ba ka taɓa rikita gajeren mai zafin rai da dogon da ba ya tunanin komai sai abinci. Morris ya zana su, Goscinny ya sa musu magana a baki shekaru masu yawa, kuma Kawu yana iya nuna maka inda dariyar ta fito daga alƙalamin zane da inda ta fito daga na rubutu. Asterix kuwa yakan ajiye wa wanda Faransancinsa ya nuna, don rabin daɗinsa wasa da kalmomi ne, yaron firamare zai ga dambe kawai ya wuce.

Akwai Tintin ɗaya da yake ajiyewa a ƙasan adaka, wanda ya je Kwango, na farkon shekarun 1930. Ba ya ba yaro shi ya tafi da shi gida. Sai dai ya zaunar da kai ku buɗe tare. Ya nuna maka yadda aka zana baƙar fata da manyan leɓɓa, ana sa musu gurguwar magana, manya suna durƙusa wa saurayin Bature. Sannan a wannan shafin dai ya nuna maka yadda aka tsara gurabun da kyau. Yakan ce dole ka iya riƙe biyun a hannu ɗaya: hannun mai zanen gwani ne, idon da ya kalle mu da shi kuwa na raini ne, kuma gwanintar ce ta sa rainin ya yi nisa a duniya. Daga nan sai ya ciro Kouakou, mujallar da aka fara a 1966 don yaran Afirka, ya ce a nan ne shi ya fara ganin yaro mai kama da shi a tsakiyar shafi, ana bin sa a matsayin jarumi, ko da yake ita ma a Faransa ake shirya ta a lokacin.

Wata shekara wani ɗalibi ya zo hutu daga Yamai da littattafan zanen Japan, Naruto da One Piece, fassarar Faransanci. Ƴan lakwal suka yi ta juya su, don daga baya ake buɗe su, gurabun kuma daga dama suke tafiya zuwa hagu. Wani almajiri da ke yi wa Inna ɗiban ruwa, wanda bai san harafin boko ko ɗaya ba, ya leƙa ya bi shafi biyar da yatsa ya faɗi abin da ya faru daidai. Idonsa ya saba da allo, daga dama yake tashi. Kawu ya daɗe yana ba da wannan labari. Saboda yaron nan ne ya fara ɗaukar fensir yana rubuta Hausa a gefen da'irorin wasu littattafan, wani lokaci da ajami. A nan ya gano cewa harshenmu kamar don bede aka yi shi. Mutum ya faɗi tim, ya faɗa ruwa tsundum, an rufe ƙofa garam, mari ya sauka tas. Abin da Bature ke ƙirƙirar haruffa don ya kwaikwaya, mu a bakin kowace tsohuwa yake. Da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, abin da ya fara faɗa shi ne yana fatan ya ga ranar da adakarsa ta biyu za ta cika da zanen da aka yi tunaninsa da Hausa tun daga gurbin farko.

Ba ya karɓar kuɗin haya. Ladan aro a wurinsa shi ne in ka dawo da littafi ka faɗi abin da ka gani. "Ya yi daɗi" ba amsa ba ce, zai ce maka zuma ma da daɗi, a wane shafi? Wa ka ji haushi? Da kai ne marubucin, ina za ka tsaya? Matan aure da ba sa fitowa yara suke aikowa, kuma yaran kan dawo da saƙo a baki: ta ce a gaya wa Mushe uwar mijin nan ta yi mugunta fiye da kima, ba dalili. Sai ya jinjina kai ya buɗe kaye, wato littafin rubutu, ya rubuta. Yana da kaye fiye da goma, kowane littafi da shafinsa, ra'ayinsa a sama da kwanan wata, na masu aro a ƙasa. Daga cikinsu yake sanin wa zai ba me. Amaryar da aka kawo daga nesa tana kewar gida ba ya aika mata labarin kishiya. Tsohon da idonsa ya yi rauni yakan haɗa shi da jikan da zai karanta masa. Kuma bai taɓa faɗa wa kowa ƙarshen labari ba. Yana iya yin rabin sa'a yana maka bayanin Jiki Magayi, yadda ƙiyayyar da aka ƙulla a kan mace ɗaya ta bi ta kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba, ka tashi kana ɗokin karantawa, ba ka san yadda aka ƙare ba.

Mun taɓa saɓawa sosai a kan Aya de Yopougon, na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wanda ya fara fitowa a 2005. Ni na kawo masa shi. Ya yaba zanen, ya yaba yadda aka kama hayaniyar unguwa a Abijan ba yaƙi ba yunwa, mutane kawai suna rayuwarsu. Amma ya ce ba zai ba ƴan mata ba, saboda cikin shege da gidajen rawa da ke ciki. Na ce, "Kawu, ai abin da ke cikin rabin littattafan Kano ke nan da kake bayarwa, bambancin kawai nan an zana. Kuma ita Aya karatunta ta sa gaba." Ya ce zane yana shiga inda rubutu ba ya shiga, shi da kansa ya koya mini haka. Muka rabu kowa na kan bakansa. Bayan shekara biyu na buɗe kayen na ga ya ƙara layi a ƙarƙashin na farko, da sabon kwanan wata: ya ba ɗiyar ƙaninsa mai shirin shiga lise, sun tattauna, ta ga abin da shi bai gani ba game da uban da ke da iyali biyu a ɓoye. Bai soke layin farko ba. Ba ya soke tsohon ra'ayi, yakan bar shi a wurin don a ga daga inda ya taso.

Yanzu ɗaurin Kano ya ja baya. Labaran sun koma cikin waya, ana tura su babi-babi ta WhatsApp, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, mata na saurara suna aikin gida. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da sababbin marubuta mata da Kawu ke bi ta rediyo. Idonsa ya yi rauni, ƙananan haruffa sun fi ƙarfinsa, bede ma sai da rana tsaka a bakin zaure.

Zuwana na ƙarshe na same shi da wata jikarsa, ta ajiye waya a kan adaka, muryar wani mai karatu na fita. Labarin wata ce da aka aurar da ita ga abokin mahaifinta. Can sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Tsaya, uwata. Mayar da shi baya kaɗan, inda take magana da yayarta."

Yarinyar ta mayar. Ya karkata kai wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya.

"Kina ji kuwa?"

Daga ciki Inna ta ce, "Ina ji, Malam. Wannan ta san abin da take faɗi. Ku bar shi ya ci gaba."

Ya miƙa wa jikar kaye da bik, ya ce ta buɗe sabon shafi, ta fara sa kwanan wata.